Aron Minti Biyu

Talata, 8 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Na sauko daga kan dutse. Matata 'Matumane ta zuba min ruwan zafi a kwano na tsoma ƙafafuna, har ruwan ya huce ban ji komai ba.

Ta tambaye ni yadda na tarar da jirgin ƙaninta. Na ce ya lalace. Ta ce ta sani, ai jirgi mai lafiya ba ya kashe matuƙinsa. Na ci gaba da kallon ruwan.

Bari in rubuta abin da kowa ya sani, tun kafin gidan rediyo ya gama yi masa ado. Jiya Litinin da safe ƙanin nata Phakiso ya tashi da ƙaramin jirginmu mai saukar ungulu daga asibitin Ha Ratsiu, ɗauke da wata mai naƙuda da ke zubar da jini, da nas, da mijin matar. Minti shida da tashi inji ya mutu a cikin gajimare. Ya lallaɓa ya kwantar da jirgin a gefen dutse, ta ɓangaren da shi yake zaune. Su ukun sun fita da ransu, makiyaya suka sauko da su a kan dawakai. Shi bai kai tsakar rana ba.

Ni na duba injin nan ranar Lahadi. Hatimina ne a ƙarƙashin shafin, mai sunana, Letuka, kamar yadda yake a ƙarƙashin kowane shafi shekara ashirin da tara.

Yau da gari ya buɗe, manajanmu Ntate Ramaili (Ntate, wato baba, haka ake kiran kowane magidanci a nan) ya ce in bi ɗaya jirgin in je in cire batir in rufe mai, kafin masu bincike su iso gobe. Matuƙiyarmu Nthati, wadda muke kira Ausi, wato 'yar'uwa, ita ce ta tuƙa ni. Ta sauka a wani fili can ƙasa ta bar injinta a kunne, ni na taka dusar ƙanƙara minti ashirin ni kaɗai.

Na cire batir. Na rufe mai. Abin da aka aike ni ke nan.

Laraba, 9 ga Yuli, da safe

Batir da mai.

Alhamis, 10 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Shugaban masu binciken, Ntate Sekete, mutum ne mai magana a hankali kamar yana tsoron tayar da jariri. Ya ba ni shayi, ya tambayi lafiyar iyali, ya yi min ta'aziyya. Sannan ya buɗe littafinsa.

"Ntate Letuka, da ka isa wurin, ka taɓa wani abu a gaban kujerar matuƙi?"

Na ce a'a.

Ya rubuta. Kalma ɗaya ce, amma ya daɗe yana rubuta ta.

A gida mutane sun cika falo. Matan coci suna ta waƙa, ana ta dafa shayi. 'Matumane ce ta raini Phakiso tun yana ɗan shekara shida da mahaifiyarsu ta rasu, don haka ita ake yi wa gaisuwa kamar uwa, matarsa tana can ƙauye a zaune kan katifar makoki. Ni ina ɗebo kujeru daga maƙwabta, kuma na gode Allah da aikin.

Juma'a, 11 ga Yuli, da rana

Rediyo ya ce wai sanyi ne ya kashe injin. Sanyi! Da sanyi yana kashe inji da babu jirgin da zai tashi a ƙasar nan daga Mayu zuwa Satumba. Ranar da sanyi ya bushe ƙayau, sama ta yi tas, ni barcina nake yi. Ranar da nake tsoro ita ce wadda ma'auni yake nuna uku ko huɗu sama da daskarewa, gajimare kuma ya jiƙe sharkaf, irin ranar Litinin.

A bakin inji akwai siraran ƙarafa a jere kamar haƙoran mataji, su suke saita iska kafin ta shiga ciki. Iskar tana shiga da gudu, gudun yana ƙara mata sanyi, sai ruwan da ke cikinta ya daskare a kan ƙarafan. Ƙanƙara ta taru ta shaƙe inji, ko ta ɓalle ta faɗa ciki ta lanƙwasa farfela. Maganinta ɗaya ne. Akwai bawul da yake sato iska mai zafi daga cikin injin ya zagayo da ita ta cikin ƙarafan su yi ɗumi. Matuƙi yana da makunninsa a saman kansa. Sama, a kunne. Ƙasa, a kashe.

Bawul nawa ne. Makunni na matuƙi ne.

Yau an sauko da injin a cikin raga. Na ga farfelar, bakinta duk a lanƙwashe. Ba sai an gaya min ba, ƙanƙara ce. Ita kuwa ta narke tun ranar Litinin, ba za a kira ta gaban kowa ba.

Ranar Lahadi na kunna ɗumin nan da hannuna. Allurar zafi ta ɗaga, na ɗora bayan hannuna a bakin injin har ya ƙona ni. Bawul ɗin yana aiki.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan coci

Ban ji ko kalma ɗaya daga huɗuba ba. Phakiso nake ta ji.

Ɗumin nan ba kyauta ba ne. Iskar da aka sato don ɗumama ƙarafa, ƙarfi ne aka rage wa inji. A nan birnin Maseru ba a ji. A can sama, inda iska ba ta da kauri, in kaya sun yi nauyi, wannan ɗan ƙarfin shi ne tsakanin tsallake dutse da rungumarsa. Sai matuƙan namu suka ƙirƙiro abinsu. A kashe ɗumi a tashi, a tsallake, a mayar. Suna ce masa aron minti biyu. Babu shi a littafin kowa, kuma babu matuƙin dutsen da bai san shi ba.

Na yi masa faɗa ya fi sau ashirin. Sai ya yi dariyar nan tasa, ya dafa kafaɗata, ya kira ni Abuti, wato yaya.

"Abuti, a ƙasa injin naka ne, ka shafa shi ka yi masa waƙa. A sama nawa ne."

"Ranar da ƙanƙara ta kama ka fa?"

"Minti biyu? Ko yayata ba ta gama yi maka faɗa a minti biyu."

Ni ma dariya nake yi. Abin da ya fi ci min rai ke nan yanzu, dariya nake yi.

Litinin, 14 ga Yuli, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ntate Ramaili ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

Masu bincike sun tarar da makunnin ɗumi a sama, a kunne. Sun ɗauki hotonsa. Bawul ɗin ya murƙushe, ba a iya gwada shi. A littafin aiki kuma, ranar 16 ga Yuni, da rubutuna, an ce bawul yana ɗan cijewa, an wanke shi, an gwada, an mayar. Ya jera min su ɗaya bayan ɗaya a kan tebur. Matuƙi ya kunna, ɗumi bai zo ba, ƙanƙara ta shiga. Saura wa?

"Ba cewa nake kai ne ba, Ntate. Amma me ya hana ka canza shi?"

"Littafin masu injin ya ce a wanke a gwada. Na wanke na gwada."

"To, ai shi ke nan, za su duba. Kafin nan ka ɗan huta a gida. Ka bar hatimin a nan."

Ya sa shi a aljihun tebur tare da allurar maƙala takardu da wani tsohon cokali. Mutumin da bai san inda ake zuba wa jirgi mai ba. Na buɗe ƙofa na fita.

Laraba, 16 ga Yuli, da yamma

Ban taɓa zaman gida da rana ba. Ashe akwai karen da yake haushi daga safe har yamma a layinmu.

Asabar, 19 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma, ƙauyensu

Mun binne shi.

An yanka sa, an kafa rumfa, mutane har kan tudu cikin bargunansu. Jawabi goma sha huɗu na ƙirga. Kowa jarumi, jarumi. Ntate Ramaili ya ce a shekara goma sha ɗaya Phakiso bai taɓa kauce wa ƙa'ida ko da taki ɗaya ba, ya faɗa yana kallon ɓangaren da nake zaune.

Sai mijin matar ya miƙe, hannunsa a rataye da ƙyalle. Ya ce ɗan da aka haifa namiji ne, kuma sunansa Phakiso. Mata suka rushe da kuka. Ya ce yana so duniya ta san irin mutumin da aka rasa.

"Ya ce min babu wurina, jirgi ya cika. Na durƙusa a cikin dusar nan na kama ƙafarsa, na ce in matata za ta mutu, ta mutu ina riƙe da hannunta. Ya dube ni, ya dubi sama, ya ce, hau, Ntate, Allah yana nan."

Ƙato ne, ya kai kilo casa'in, ban da bargo da takalman roba. Kowa yana share hawaye, ni ina lissafin nauyi a kaina. Na tsani kaina, na tsani mutumin, na kusa tsanar wanda ke cikin akwatin.

Da aka zo zuba ƙasa, bayan dangi sun gama, na karɓi shebur. Wani kawunsu ya ce da na kusa da shi, ba a ɓoye ba, "Wannan ai ya riga ya zuba tasa." Na zuba uku na miƙa.

Lahadi, 20 ga Yuli, da hantsi

An yi wa dangin mamaci askin makoki, an ɗaura musu baƙin ƙyalle a wuya. 'Matumane ta same ni a bayan garken shanu, kanta tas, ta yi ƙanƙanta a idona.

"Ntate, na ji abin da suke cewa. Ka dube ni."

Na dube ta.

"In bawul ɗin ne, kuskure ne. Hannun mutum ne, ba na mala'ika ba. Ka so yaron nan kamar yadda na so shi, ni shaida ce. Na yafe, kuma duk wanda ya sake buɗe baki zai gamu da ni."

Ta riƙe hannuna na dama da hannayenta biyu. Na zare shi na ce sanyi nake ji.

An yafe min abin da ban yi ba. Ban san akwai abin da ya kai wannan ɗaci ba.

Talata, 22 ga Yuli, ƙarfe uku na rana, gida

Littafin nan nawa ne, ba na Sekete ba. Sati biyu ina yi masa ƙarya shi ma.

Na cire batir. Na rufe mai. Sannan na leƙa ciki. Hularsa tana ƙasa, dusa ta shiga ta rufe rabin kujerar. Na ɗaga kai. Makunnin yana ƙasa.

Ban yi tunani ba. Ko kuma na yi, na 'Matumane, na 'ya'yansa mata biyu, na abin da za a rubuta a jarida. Na cire safar hannu na tura shi sama da yatsa ɗaya. Ko ƙara bai yi sosai ba.

A raina na ce za a ce ƙaddara ce, ƙanƙara ta fi ƙarfin ɗumi, a rufe magana. Shekara ashirin da tara ina wannan aiki, ban tsaya na tambayi kaina ba, in matuƙi ya fita, wa ya rage a ɗakin. Wawa.

Alhamis, 24 ga Yuli, da rana

Na je ɗauko akwatin kayan aikina. Mai gadin da nake ba shi taba kullum ya ce sai na sa hannu a littafin baƙi.

Gari ya tashi da hazo mai jiƙa riga. Ausi Nthati tana shirin kai buhunan garin masara da tukwanen gas wani asibiti. Na tsaya a bakin waya. Ba na buƙatar shiga jirgi in san abin da ake yi wa inji, kunnena ya ishe ni. In ɗumi yana kunne muryarsa tana da ɗan kauri. In aka kashe, sai ta sirance ta ɗaga.

Ta ɗaga daga ƙasa da ƙyar, ta yi gaba, ta tunkari tudun farko. Muryar ta sirance.

Na tsaya ina kallon agogo da akwati a hannu. Minti biyu da rabi, sannan sautin ya ɓace min a cikin hazo.

Juma'a, 25 ga Yuli, da yamma

Na tare ta a wurin da take ajiye mota. Yarinyar da na koya wa duba mai da idonta, Phakiso ya koya mata duwatsu.

"Ausi, jiya kin ci aro."

"Kai, Ntate! Kunnen nan naka ko a kabari zai ji."

"Ba wasa nake ba. Bayan abin da ya faru?"

Sai ta daina dariya, ta sunkuyar da kai, irin na wanda ba ya son ya ci maka fuska.

"Ntate, ka yi haƙuri, ba don in ɓata maka ba. Amma ai an ga abin da ya faru. Abuti Phakiso bai ci aro ba, makunninsa a kunne yake. Na yi kwana uku ina tsoron taɓa nawa, da na ji haka sai hankalina ya kwanta. Kuma an saka mana sabon bawul ranar Litinin."

Hankalinta ya kwanta. Ni na kwantar mata da shi, da yatsa ɗaya.

Asabar, 26 ga Yuli

Hazo kuma.

Litinin, 28 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Na gaya wa 'Matumane. Tana tuƙa tuwon masara, na ce ta sauke tukunyar ta zauna. Ta ce in faɗa haka, tana ji. Na faɗa wa bayanta.

Ta ci gaba da tuƙawa har na gama. Sannan ta juyo da muciyar a hannu.

"Wa ya aike ka?"

"Babu."

"Shi ya ce ka taɓa? Ni na ce?"

"'Matumane, don ke na yi. Don yaran."

"To in don mu ka yi, ka ƙarasa mana. Ka fara ƙarya, ka kai ta gida. Ba ka ɗauko ta rabin hanya ka yar mana a ƙofa ba."

Na ce jibi masu bincike za su zauna, kuma zan faɗa. Na ce Nthati tana yin abin da ya yi, kuma tana yi ne saboda ni.

"Ka je ka gaya wa Nthati a kunne mana! Sai ka tara mutane? Yaran nan a makaranta ana ce musu 'ya'yan jarumi. Kana so gobe a ce ubansu ne ya yi ganganci da mai ciki? Ka binne shi da shebur ɗinka, yanzu za ka tono shi don ka karɓo ɗan hatiminka?"

"Ba hatimi ba ne."

"Hatimi ne. Sati biyu kana zagaye gidan nan kamar wanda aka yanke wa hannu."

Ban iya ce mata ƙarya take ba gaba ɗaya. Tuwon ya kama, warin ya cika gida, babu wanda ya tashi.

Laraba, 30 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Su uku a bayan tebur, Sekete a tsakiya, Ramaili a gefe da lauyan kamfani. Na sa kwat ɗin coci.

Na faɗa duka. Hula, dusa, makunni a ƙasa, yatsa. Aron minti biyu. Nauyin mijin. Na yi zaton ɗakin zai girgiza. Wani ma hamma ya yi.

Sekete ya cire tabarau.

"Ntate Letuka, ranar goma ga wata na tambaye ka ko ka taɓa wani abu. Ka ce a'a."

"Ƙarya na yi."

"Yau kuma?"

"Yau gaskiya ce."

"Akwai wanda ya gan ka?"

"Babu."

"Wannan aron, akwai matuƙin da zai zo ya ce ana yi?"

Ramaili ya riga ni. Ya ce bai taɓa jin wannan magana ba, kamfaninsa ba ya wasa da rayuka, kuma abin kunya ne dattijo ya shafa wa mamaci kashin kaji, mamacin ma ƙanin matarsa.

Sekete bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ntate, na daɗe a wannan aiki. Kusan duk wanda ya zauna a kujerar nan, in ruwa ya kai masa wuya, sai ya tuna da wani laifi na wanda ya mutu. Ba na cewa haka kake. Abin da ke hannuna hoto ne da rubutunka na watan Yuni. Kuma ka gane matsayinka. In ban yarda da kai ba, bawul ɗinka ne ya kashe mutum. In na yarda, ka ɓata shaida a wurin hatsari. Ko wanne na ɗauka, lasisin ba zai kwana a hannunka ba."

Na ce ya ɗauki na biyun, don Allah. Ya ce ba kasuwa muke ba.

Juma'a, 1 ga Agusta, da safe

Maganar ta riga ni isa ƙauye. 'Matumane ta haɗa jaka ta bi motar farko.

Litinin, 4 ga Agusta, da yamma

Nthati ta zo gida, ta ƙi zama, ta ƙi shayi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana wasa da makullin mota.

"Na san gaskiya ka faɗa, Ntate. Shi ya koya min. A kan wannan tudun ma na fara."

"To ki je ki faɗa."

"In je in ce ina karya doka duk lokacin sanyi? Su karɓe nawa lasisin? Mu biyu ne muka san duwatsun nan, ɗaya yana ƙasa. In na tafi, wa zai ɗauko matan? Ramaili?"

"Ki rubuta ba suna."

"Matuƙa nawa ne a kamfanin?"

Ta ce za ta rage kaya, za ta kiyaye. Na ce Phakiso ma yana kiyayewa. Sai ranta ya ɓaci.

"Kai fa? Kana kan kujerar, mace tana zubar da jini a bayanka, mijinta ya riƙe maka ƙafa, dutse a gaba. Me za ka yi?"

"Zan bar mijin a ƙasa."

"Da bakinka. Ba ka taɓa kallon idonsu ba, Ntate. Kai injin kake kallo."

Ta tafi. Ban raka ta ba.

Asabar, 9 ga Agusta, da rana

Yau ake cire musu baƙin ƙyalle. Kawun ya aiko a gaya min kada in wahalar da kaina da tafiya. Na wanke kayan aikina ɗaya bayan ɗaya, na shafa musu mai, na mayar da su akwati, ban san don me ba.

Talata, 12 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Takarda ta zo. Shafi huɗu. Mai yiwuwa bawul ɗin ɗumi ya gaza. Matuƙi ya bi dukkan ƙa'ida. An ba da shawarar a riƙa canza bawul maimakon wankewa. Maganata ta samu layi ɗaya da rabi a shafi na uku, wai bayanin da makaniken ya kawo daga baya ba a samu abin da ya goyi bayansa ba. An janye lasisi.

Babu kalmar aro a ko'ina. Na duba sau uku.

Alhamis, 14 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

'Matumane ta zo da tsakar rana. Gashinta ya fara tsirowa, fari ya fi yawa. Ta gaishe ni kamar maƙwabci, ta shiga ɗaki ta buɗe babbar jakar da muke tafiya Kirsimeti da ita. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo tana ninke kayan sanyi da na zafi duka.

Ba ta ɗago ba ta ce, "A kashe yake? Da gaske?"

"A kashe."

"Don ya ɗauki mijin."

"Don ya ɗauki mijin."

Ta zauna a bakin gado da riga a cinya. 

"Haka yake tun yana yaro. Bai iya cewa a'a ba. Tun ranar jana'iza da mutumin nan yake magana, raina ya ba ni."

 Na ce, "To kin yarda da ni ke nan."

"Na yarda. Duk ƙauyen suna cewa tsoro ne ya sa ka yi masa ƙage. Na yi ta addu'a ya zama hakan ne, Ntate. Da ƙage ne, da na ce tsoho ya firgita, in yi fushi wata biyu in dawo. Amma kai ba ka iya ƙage ba, ko ƙaryar da ka yi don shi ka kasa riƙe ta wata ɗaya. Yanzu a can kowa yana da Phakiso ɗinsa lafiya lau, matarsa, yaransa, har kawu. Ni kaɗai ka ƙwace wa. In na dube ka, hannunsa nake gani yana kashe abin nan da mai ciki a bayansa. Ba zan iya cin abinci ina kallon haka ba."

Na ce me zan yi. Ta ce babu, na riga na yi.

Jakar ta yi mata nauyi. Na ɗauka na kai mata bakin titi, muka tsaya tare har mota ta zo.